A Rage Wa Gatari Aiki Wajen Sassabe

Da zarar bazara ta kama, hayaƙin sassabe ya kan tashi ko'ina a karkara. Manomi ya kan ɗauki gatari da adda ya bi gonarsa, duk inda ya ga tohon sabara ko kalgo ko magariya ya sare shi har ƙasa, ya tara ya cinna wuta. In ya bar gonar fes kamar faifai, sai a ce wane ya iya aiki. To, wannan irin gwaninta ita ke tsiyata gonakin jigawa, ya kamata a sake dubanta.

Gonar da ba itace ba ta da mai tare mata iska. Guguwar farkon damina ta kan kwashe ƙasar sama, wadda ita ce mai albarka, ta kuma binne ɗan geron da ya tsiro da rairayi, har mutum ya yi shuka sau biyu ko uku a damina guda. Rana ta gasa ƙasa, ruwan sama ya zo ya wuce bai shiga ba. In itacen girki ya yi wuya kuma, mata su kan koma ƙona kara da kashin shanu, watau abin da ya kamata ya zama takin gona ya ƙare a murhu.

Mutanen Maraɗi sun sha wannan wahala a farin 1973 da na 1984. An yi ta rabon dashe daga wuraren renon itatuwa, amma akasarinsu suka mutu, waɗansu don ƙishirwa, waɗansu awaki suka cinye. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura da cewa 'yan kumbun da ake sarewa kowace shekara itatuwa ne sosai, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, dama kurum suke nema. Da aka fara shawartar manoma su bar su, dariya aka yi. Waɗanda suka yarda a lokacin yunwar 1984 don ana ba da abinci, da yawansu sun sare itatuwan da aka daina rabo. Amma 'yan kaɗan da suka daure suka ga geronsu bai ragu ba, ga itacen wuta a kusa, sai maƙwabta suka shiga kwaikwayo. Masu binciken da suka auna da hotunan sama sun ƙiyasta a 2009 cewa abin ya kai wajen eka miliyan 12 a Nijar, da itatuwa kimanin miliyan 200. Can suna kiransa sassaben zamani.

Yinsa ba wuya. Manomi ya zaɓi kututture mai lafiya, ya bar masa rassa uku zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, ya sare saura. Waɗanda ya bari ya yi musu aski daga ƙasa zuwa rabin tsawonsu, da adda mai kaifi, yana sara sama don kada ɓawon ya yage. Da yake saiwar tsohuwa ce, ta riga ta kai ga laima, ba ya bukatar ban ruwa, kuma ya kan fi dashe saurin girma nesa.

Sarkin itatuwan gona shi ne gawo, gama halinsa ya saɓa wa na sauran. Da damina, lokacin da shuka ke son rana, shi ya kan kakkaɓe ganyensa ya tsaya tsirara, ganyen ya ruɓe a gindinsa ya zama taki. Ɗan'uwan wake da gyaɗa ne, saiwarsa tana tara wa ƙasa irin abincin da ake saye a buhun takin zamani. Da rani kuwa, sa'ad da daji ya bushe, sai ya yi kore shar, ya zubo 'ya'ya waɗanda shanu da tumaki da awaki ke rububi. Dabbobin su yini a inuwarsa suna kashi da fitsari, wani takin ke nan ba da ko kwabo ba. Shi ya sa geron gindin gawo ya kan fi na fili tsawo da kaurin zangarniya. Mutanen da sun san haka: a ƙarni na 19 Sarkin Damagaram ya kafa doka mai tsanani a kan saran gawo, kuma har yanzu ƙasar Magariya da Matamaye da Mirriya ta yi suna wajen yawansa.

Amma fa ba kowane itace ya dace da tsakiyar gona ba. Mangwaro da ɗorawa da tsamiya inuwarsu ta yi duhu, gero ba ya jin daɗin gindinsu, sai a bar su a gefe ko a riƙa rage musu rassa. Itacen turare shi ma gefe ya kamata, don yana da shan ruwa. Masu cewa itace na tara tsuntsaye suna da 'yar gaskiya, sai dai jan baki ba ya tambayar ko gona na da itace kafin ya sauka, kuma cikin tsuntsayen akwai masu cin tsutsa da fara.

Babban abin da ke karya zuciyar manomi shi ne ya yi renon itace shekara huɗu, wani ya zo da dare ya sare ya kai kasuwa, ko malamin daji ya ci shi tara don ya rage reshen abin da ya rena da hannunsa. A Nijar aikin bai yaɗu ba sai da manoma suka tabbata itacen gonarsu nasu ne. Saboda haka ya kamata dagatai da masu unguwa su tara manoma da makiyaya da masu saran itace tun kafin shuka, a yi sharaɗi a gaban kowa: itacen da ke cikin gona na mai gona ne, Bafillace ya kiwata 'ya'yan gawo da suka zuba amma kada ya guntule kan itacen, wanda ya karya kuwa a san abin da zai biya. Wanda ke shakka ya gwada a kusurwa ɗaya ta gonarsa bana, ya bar kututture goma ko ashirin, ya ɗaura musu tsumma don kada 'yan ƙodago su sare su wajen noman fari.