Suna Linzami: Abin Da Ya Raba Burbon Da Sauran Wuski

A cikin watan Maris na 2025, lokacin da rikicin harajin kaya ya ɓarke tsakanin Amurka da maƙwabciyarta Kanada, hukumar da ke sayar da giya a lardin Ontario ta sa aka kwashe duk kwalaben barasar Amurka daga kantunanta. Shekara bakwai kafin wannan, watau a 2018, ƙasashen Tarayyar Turai sun ɗora harajin kashi 25 cikin 100 a kan wuskin Amurka, domin su rama harajin da Shugaba Trump ya sa wa ƙarafansu. A duka lokutan nan biyu, sunan da ya fi yawo a bakin 'yan jarida shi ne burbon. To, jama'a, mene ne burbon ɗin nan, kuma me ya raba shi da sauran wuski har ya zama in ana so a ƙuntata wa Amurka sai a nufe shi?

Na san akwai masu karatu da za su ce, ina ruwanmu da zancen barasa a wannan shafi? Su yi mini haƙuri. Addinin mafi yawanmu ya haramta giya, ni kuwa ban zo in yi wa kowa tallarta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ƙiyasta cewa a 2019 shan barasa ya jawo mutuwar mutane wajen miliyan 2.6 a duniya. Amma akwai wani darasi na ciniki a cikin labarin wannan kwalba wanda ya shafi mai sha da wanda ko warinta ba ya son ji, kuma shi ne dalilin wannan rubutu.

Da farko dai, wuski kowane iri ne daga hatsi ake yinsa. Akan niƙa hatsin, a dama da ruwan zafi, a sa yis, a bar shi ya tsima. Daga nan sai a zuba a tukunya a hura wuta, tururin barasa ya tashi ya bi ta bututu, ya huce ya koma ruwa fari fes. Wannan farin ruwa shi ake ɗurawa a gangar katako a ajiye a sito shekara da shekaru, kuma a cikin gangar ne yake samun jan launinsa da yawancin ƙanshinsa. Har zuwa nan duk kanwar ja ce. Inda aka rabu shi ne wajen irin hatsin, da irin gangar, da ƙasar da aka yi aikin, da kuma abin da doka ta yarda a ƙara a ciki.

Dokar Amurka ta shimfiɗa sharuɗɗa waɗanda in ɗaya ya faɗi, to, ba dama a rubuta burbon a jikin kwalba. Na farko, dole a cikin Amurka aka yi shi. Mutane da yawa suna zaton sai a jihar Kentaki kaɗai, amma doka ba ta faɗi haka ba, ko da yake mafi yawansa daga can yake fitowa. Na biyu, dole aƙalla kashi 51 cikin 100 na hatsin ya zama masara, sauran kuwa a cike da sha'ir, da alkama ko wani hatsi danginta da ake kira rai. Na uku, ƙarfin barasar kada ya wuce kashi 80 cikin 100 lokacin da ta fito daga tukunya, kada ya wuce kashi 62.5 lokacin ɗurawa a ganga, kada kuma ya gaza kashi 40 lokacin da aka sa a kwalba. Na huɗu, dole gangar ta zama sabuwa fil, ta itacen ok, wadda aka babbake cikinta da wuta har ya yi gawayi. Na biyar, ba a ƙara masa komai sai ruwa: ba rini, ba kayan ƙanshi, ba sukari. In mai shi yana son ya ƙara kalmar da ke nuna tsantsa ne, sai ya shekara biyu a ganga, in kuma bai kai shekara huɗu ba dole a rubuta shekarunsa a jikin kwalba.

Yanzu mu haye teku zuwa Sikotilan, wadda wuskinta ya fi kowane suna a duniya. Can sha'ir ne sarki. Akan jiƙa shi ya yi tsiro, sa'an nan a busar. A wasu wurare, musamman tsibirin Islay, da hayaƙin wata baƙar ƙasar fadama mai cin wuta ake busarwar, shi ya sa nasu yake ƙaurin hayaƙi. Dokarsu ta ce sai ya shekara uku a gangar ok a cikin Sikotilan, amma ba ta ce sai sabuwar ganga ba, ta kuma yarda a ɗiga ƙonannen sukari domin daidaita launi. Ga wani abin ban sha'awa a nan. Tun da Ba'amurke ba shi da ikon sa burbon sau biyu a ganga ɗaya, da ya juye sai ya sayar da gangar, mutanen Sikotilan su saya su ɗura nasu. Watau yawancin wuskin Sikotilan a tsofaffin gangunan burbon yake tsufa. Sabuwar gangar da aka babbake tana saki zaƙin itace da ƙarfi, masara ma tana da nata zaƙin, ga kuma zafin bazara da sanyin hunturun Kentaki da ke sa ruwan ya shiga katako ya fito. Wannan ne ya sa masana abin suke cewa burbon ya fi zaƙi kuma ya fi saurin nuna, na Sikotilan kuwa a ƙasa mai sanyi yake, sai a hankali.

Sauran kuwa a taƙaice. Na Ailan shi ma sai ya shekara uku a ganga a tsibirin, kuma da yawansu sau uku suke bi da shi ta tukunya. Na Kanada shekara uku ne, amma dokarsu ta ba da damar a ƙara rini da ɗan abin ƙanshi. A Amurka ɗin kanta, in hatsin rai ne ya kai kashi 51 maimakon masara, to, ya tashi daga burbon ya zama wuskin rai. Shi kuwa Jack Daniel's na jihar Tenesi, kusan duk sharuɗɗan burbon ya cika, sai dai ana tace shi ta cikin gawayin itacen mapul kafin a sa a ganga, masu shi kuma suka zaɓi su kira shi wuskin Tenesi. Kama da wane dai ba ta wane.

Abin tambaya shi ne, me ya kai gwamnati ga ƙididdige kashin masara da irin katakon ganga? Amsa ita ce algus. A ƙarshen ƙarni na 19 kasuwar wuski ta Amurka ta cika da 'yan damfara. Mutum zai sayi farar barasa mai araha, ya zuba mata ruwan taba ko aidin ko ƙonannen sukari domin ta yi ja, ya manna takarda ya ce tsohon burbon ne na Kentaki. Mai saye yana cinikin biri a sama, mai sana'ar gaskiya da ya jira shekara huɗu yana kallo ana kashe masa kasuwa da abin da aka haɗa a dare ɗaya. Masu sana'ar, cikinsu har da Kanar E. H. Taylor, suka dage wa Majalisar Dokoki, har a 1897 aka kafa wata doka wadda ta ce gwamnati za ta sa hatiminta a kan kwalbar da aka yi a ma'aikata ɗaya, a kaka ɗaya, ta shekara huɗu a siton da ma'aikatan gwamnati ke tsaro, aka kuma ɗura ta da ƙarfin kashi 50 daidai. A 1906 aka yi dokar tsabtar abinci da magunguna. A 1909 Shugaba Taft da kansa ya yanke hukunci a kan abin da za a kira wuski, ya ce wanda aka gauraya dole a rubuta gaurayayye ne. Daga bisani, a ranar 4 ga Mayu 1964, Majalisar Dokokin Amurka ta bayyana burbon a matsayin kayan Amurka na musamman, ta yadda ba za a shigo da na wata ƙasa da wannan suna ba. Abin dariya, sunan kansa na gidan sarautar Faransa ne, wanda aka raɗa wa wata gunduma a Kentaki a 1785 don godiya ga taimakon da Faransa ta ba Amurkawa a yaƙin neman 'yancinsu.

Ra'ayina shi ne, babban abin da ya raba burbon da sauran wuski shi ne tsananin dokar da ke tsaron sunansa. Masara da gawayi kowa na iya samu. Abin da ya yi wuya shi ne a ce kalma ɗaya a jikin kwalba ta zama alkawari wanda in ka karya hukuma ta kama ka. Dubi Japan. Wuskinta ya yi suna ƙwarai a duniya, amma shekaru da yawa ba ta da ƙa'ida, har ya zama ɗan kasuwa na iya sayo na Sikotilan ko na Kanada ya ɗura a kwalba a Japan ya sayar da sunan na Japan. Da asiri ya fara tonuwa, mutuncin kayan ya soma zubewa, sai ƙungiyar masu sana'ar ta fito da ƙa'idodi a 2021, waɗanda suka kama aiki sosai a 2024. Sun gane cewa ramin ƙarya ƙurarre ne.

Akwai masu sukar dokar burbon, kuma ba zan ɓoye hujjarsu ba. Suna cewa sharaɗin sabuwar ganga an sa shi ne don a kare cinikin masassaƙa da masu katako, kuma yana cinye itatuwa masu yawa. Suna kuma cewa ɗaure suna da ƙasa ɗaya takobi ne mai kaifi biyu, domin shi ya sa Turawa da mutanen Kanada suka san inda za su buga ya yi wa Amurka zafi, manomin masara da ma'aikacin Kentaki kuwa su ne suka sha wuya. Duk wannan gaskiya ne. Amma ba wanda ke sa wa abin banza takunkumi. Da sunan bai yi daraja ba, da ba a kula shi ba, darajar kuwa daga amincin da doka ta gina masa ta samo asali.

A nan ne zancen ya zo gida. A 2015 mutane da dama sun rasa rayukansu a jihohin Ondo da Ribas bayan sun sha ogogoro mai ɗauke da gubar metanol. Wa'azi a kan barin giya wajibi ne, kuma malamai su ci gaba da yi, amma hukuma ita ma tana da nata aikin, na hana a sayar wa ɗan Adam guba da sunan wani abu dabam. Kuma algus bai tsaya ga kwalbar barasa ba. Wane ne a cikinmu bai taɓa sayen zumar da rabinta narkakken sukari ne ba, ko man gyaɗa da aka surka? Tun zamanin fatake, fatar jan akuyar Sakkwato take ƙetare Sahara ta isa Turai, can kuwa aka san ta da sunan fatar Maroko, domin ta can ta bi. Mu muka yi kiwo muka yi jima, wasu suka ɗauki suna.

Saboda haka ina kira ga 'yan majalisunmu da hukumomin da ke kula da ingancin kaya, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu sana'a, su zauna su rubuta dalla-dalla abin da ya cancanci a kira zuma tsantsa, da kilishi, da fatar Sakkwato, sa'an nan a hukunta duk wanda ya ari sunan ba tare da ya cika sharaɗi ba. Ku lura kuma, a Amurka masu sana'ar ne da kansu suka nemi a ɗaure su da doka, domin sun san ita ce za ta raba su da 'yan damfara. In masu dafa abin da muke ƙyama sun iya tsare gaskiyar ciniki haka, mu masu sayar da halal ba mu da uzuri. Allah Ya sa mu gane.