Labarin Jini Ba A Tambayar Fuska

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, amma labarin jini ba haka yake ba. Mutum yakan yi yawo da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jininsa, ga shi garau, yana noma, yana cin tuwo, ko ciwon kai ba ya ji.

Ga dalili. Wanda ya girma inda sauro ya yi yawa, ciwon ya sha kama shi tun yana yaro, har jikinsa ya saba. Jikin yakan danne ƙwayar, amma ba ya kashe ta duka. In sauro ya cije shi, sai ya ɗauka ya kai wa wani.

A shekarar 2013, mutane fiye da 4,000 suka koma gundumar Shanglin a ƙasar Sin daga ƙasashen waje, yawancinsu masu haƙar zinariya a Gana. Da aka auna jini, aka sami ƙwayar a jikin mutum 874. Wajen kashi ɗaya cikin uku ba su da wata alamar ciwo. Da a ce an jira su zo asibiti da kansu, da ba a same su ba. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida ƙasar Sin ta rabu da wannan ciwo.

Aljeriya ma, inda 'yan'uwanmu suke zuwa cin rani, ta sami wannan shaida a 2019. Ku tuna fa, ciwon ne ya ƙare, sauro yana nan. Baƙo ɗaya mai ƙwayar ya isa ya ta da abin da aka yi shekaru ana kashewa.

Awon kansa ɗigon jini ne daga yatsa, sakamako kuwa cikin kamar minti 20. Amma in ƙwayar kaɗan ce, wannan awo yakan tsallake ta, sai an kai jinin ɗakin bincike.

Saboda haka, matafiyi, in an ce ka miƙa yatsa, kada ka ɗauka wulakanci ne. In an sami ƙwayar, shanye maganin duka ko kana jin lafiya. Ka tsare kanka, ka tsare yaran masu masaukinka waɗanda jikinsu bai san ciwon ba.