KIRAN WAYA TA INTANET: AMFANINSA DA INDA YA GAZA

Duk wanda ya shiga kasuwar Funtuwa ko ta Dandume a lokacin kaka, zai ga dillali tsaye a bakin buhunan masara, ya ɗaga waya yana haska wa wani attajiri na Dawanau ko na Ikko ƙwayar hatsin, suna ciniki ido da ido alhali ɗaruruwan mil ne a tsakaninsu. Irin wannan kira ta intanet yake bi, ba ta layin tarho da aka saba ba, kuma ya zama ruwan dare tun daga 2015, shekarar da WhatsApp ta fara ba da damar kiran murya. Kiran da ake ganin juna ya biyo baya a 2016.

Dattawa ba su manta da zamanin NITEL ba, sa'ad da tarho yake kayan ofis da gidajen manya, talaka kuwa sai ya rubuta wasiƙa ko ya ba direban mota sallahu. Wayar salula ta shigo a 2001 da tsadar gaske, minti guda Naira 50. A yau muryar mai magana ce ake yayyankawa ƙanana-ƙanana, a tura ta cikin intanet, ta je ta sake haɗuwa a wayar mai saurare. Minti guda na irin wannan kira bai cika cin megabait ɗaya ba, kuma kuɗin bai san nisa ba: kiran Bakori da kiran Landan ɗaya suke.

A nan ne babban amfanin yake, musamman tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin 100 a watan Janairu na 2025. Manomin tumatir na Danja yana iya jin farashin Ikko kafin ya loda kwandunansa. Mai gonar auduga a Malumfashi yana iya nuna wa malamin gona ganyen da tsutsa ta ci, ba tare da ya biya kuɗin mota ba. Uwar da ɗanta yake karatu a Masar ko Indiya takan gan shi kowane mako. Iyayen ɗaliban da yaƙin Sudan ya rutsa da su a watan Afrilu na 2023 sun fi kowa sanin darajar abin.

Amma fa jama'ar wannan yanki sun riga sun ɗanɗana iyakarsa. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an rufe hanyoyin sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina domin a toshe wa 'yan bindiga kafar samun labari, ciki har da Funtuwa, da Bakori, da Malumfashi, da Ƙanƙara, da Faskari, da Dandume, da Sabuwa. Nan take kiran intanet ya mutu tare da kiran layi, domin turakun sadarwa guda ne suke ɗauke da su duka. Mutane suka riƙa hawa mota zuwa wasu garuruwa don su buga waya ko su tura kuɗi. Ciniki ya ja baya, mai mara lafiya ya rasa hanyar kiran taimako, ƙauyen da aka kai wa hari cikin dare ya rasa yadda zai sanar da jami'an tsaro. Ba a musun cewa Gwamnati tana da hujja a lokacin, ganin ba a cika shekara ba da sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020. Sai dai an buɗe layukan daga baya, ta'addancin kuwa bai ƙare ba. Talaka ne ya biya kuɗin wannan gwaji.

Ko a lokacin zaman lafiya ma, kiran intanet na mai hali ne. Tilas mai kira da wanda ake kira su mallaki babbar waya, su sami caji, su kuma zauna inda sabis yake da ƙarfi. Da an bar bakin kwalta an nufi ƙauyukan Kafur ko na Faskari, sai murya ta fara yankewa, mutum ya yi tambaya amsa ta iso bayan ya shiga wata maganar. Daɗin daɗawa, ba a iya kiran lambar gaggawa ta 112 ta WhatsApp. Saboda haka kuskure ne magidanci ya zuba duk kuɗinsa a data ya bar layinsa babu ko kwabo.

Sa'an nan ga 'yan damfara. Hanyarsu sananniya ce: a kira mutum a ce za a yi taron ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ko na ma'aikata ta intanet, a nemi ya karanto lambobi 6 da aka turo masa. Da ya faɗa, an ƙwace masa WhatsApp ke nan, sai a shiga roƙon 'yan'uwansa kuɗi da sunansa da hotonsa. Abin mamaki, har masu takardun ilmi ma sukan faɗa wannan rami. Maganin kuwa ba ya cin ko sisi: a kafa lambar sirri ta biyu a cikin manhajar, kada kuma a karanta wa kowa lambar da ta shigo, ko da muryar ta yi kama da ta shugaban ofis. Wannan aiki ne da ya rataya a wuyan ɗalibai, su yi wa iyayensu idan sun koma hutu.

Akwai wata illa da ta shafi ma'aikatan Gwamnati kai tsaye. Aikin hukuma da takarda yake tafiya. Umurnin da aka bayar ta kiran intanet ba ya barin sawu a fayil, kuma maganar a kulle take, kamfanin waya ma bai san abin da aka faɗa ba. Ƙaramin ma'aikacin da ya fitar da taki ko ya sa hannu a takardar biya saboda "Oga ya kira", shi kaɗai zai tsaya gaban mai binciken kuɗi ranar da asiri ya tonu. Lalle ne shugabannin ma'aikatu su tsayar da doka cewa duk umurnin da ya zo ta waya, a bi shi da rubutu kafin a zartar.

Ga Gwamnati kuwa, bukatar a fili take. Dokar Sadarwa ta 2003 ta tanadi asusu na musamman domin kai sadarwa wuraren da kamfanoni ba sa ganin riba. Wajibi ne Gwamnatin Jihar Katsina da wakilan shiyyar Funtuwa a Majalisar Tarayya su tashi tsaye su nemo wa yankin rabonsa, a kafa turaku masu aiki da hasken rana a ƙauyukan noma, a kuma ba su tsaro. In har wata rana an sake tunanin rufe layuka, to, a fara jin ta bakin sarakuna da shugabannin kasuwa da ƙungiyoyin manoma, a kuma faɗa wa jama'a ranar da za a buɗe tun kafin a rufe.