A Bar Yaro Ya Ce "Me Ya Sa?"

'Yan'uwa talakawa, manoma da 'yan kasuwa na ƙasar Isa da Sabon Birni, yau maganarmu a kan makarantun firamare take. Tun 1976 aka yi shelar karatun firamare kyauta, a 2004 kuma aka yi dokar da ta tilasta shi. To, a leƙa aji a ƙauyukanmu lokacin darasin kimiyya. Malam ya rubuta Turanci a allo, yara su maimaita kamar aku, a tashi. In ka yi magana, sai a ce ba a aiko da kayan gwaji ba.

Mu kuwa mun ce kayan gwaji suna bakin ƙofa. Ga gawo nan. Kowane manomi a Turba ya san shi yake zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, kuma geron gindinsa ya fi kyau. Kada malam ya faɗi dalili. A bar yara su auna kara a gindin gawo, su auna na nesa, su tona ƙasar su gani. Da kansu za su gane ganyen da ya ruɓe da kashin dabbobin da suka sha inuwa su ne takin, ga shi kuma babu inuwar da za ta tare rana da damina.

A tuge wake ko gyaɗa, su ƙidaya 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwa. A cikinsu akwai ƙwayoyin halitta masu jawo wa ƙasa ƙarfi daga iska, shi ya sa kakanninmu ke haɗa wake da gero. A sa ƙwayar gero 20 a jiƙaƙƙen tsumma, bayan 'yan kwanaki a ƙidaya waɗanda suka tsiro. Yaron da ya iya wannan, ba a sayar wa ubansa mataccen iri. A ajiye gwangwani a fili, a riƙa auna ruwan sama ana rubutawa. A ɗebo ruwan Gulbin Rima ko na tafki a kwalba, a tace da ƙyalle, a duba abin da ya rage. Tace ruwa na cikin dabarun da suka kori kurkunu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Nijeriya ta rabu da shi. Gani ya kori ji.

Ba mu manta da halin da ake ciki ba. 'Yan bindiga sun tashi garuruwa, sun sa an rufe makarantu, har Sarkin Gobir na Gatawa suka kashe a 2024. Ba mu ce a kai 'ya'yan mutane daji ba. Tsaro haƙƙi ne a wuyan mahukunta, kuma ba za mu daina nemansa ba. Amma filin makaranta da gwangwani da tsumma ba sa jiran kwangila.

Ga abin da muke nema. A koya wa malamai wannan hanya, a biya su albashi a kan kari. Kowace makaranta ta yi lambu. A yi bayani da Hausa, yaro ya gane tukuna. A riƙa gayyato tsofaffin manoma da masunta, yara su yi musu tambayoyi.

Ku kuma iyaye, in yaro ya ce "me ya sa?", kada ku daka masa tsawa. Malam Aminu Kano malamin makaranta ne, daga Maru ya ajiye alli a 1950 ya rungumi gwagwarmayar talakawa. Yaron da ya saba tambayar abin da ya sa gawo ke zubar da ganye, gobe shi zai tambayi inda kuɗin harajin kasuwa suka shiga. Matambayi ba ya ɓata. Allah Ya ba talaka sawaba, amin.