Ciwon Haƙori Ba Ya Jiran Gari Ya Waye

Zuwa ga Edita,

Ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi kira ga 'yan'uwana na Talata Mafara, Bakura da Maradun, da kuma hukumomin lafiya na Jihar Zamfara.

Kwanakin baya ƙanena ya kwana uku da ciwon haƙori, yana ta cusa kanumfari da ƙwayoyin kemis. Daren na huɗu ƙasan haɓarsa ya kumbura, ga zazzaɓi, ko yawu ba ya iya haɗiya. Muka ruga da shi sashen gaggawa na wani asibiti. Aka yi masa allurar rage zafi da ta kashe ƙwayoyin cuta, amma aka ce ba mai aikin haƙori a daren, sai mu nufi Gusau ko Sakkwato. To, da halin da hanyoyinmu ke ciki, wa zai kama hanya da tsakar dare? Sai da safe muka tafi, aka fitar da mugunya, aka cire haƙorin. Likita ya ce irin wannan kumburi yana iya toshe maƙogwaro ya kashe mutum.

Jama'a, allura tana kwantar da zafi ne kawai, ruɓaɓɓen haƙori yana nan. In kun ga kumburi, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko jini ya ƙi tsayawa bayan cire haƙori, kar ku jira sai kasuwar Talata ta ci. Ku guji ɗiga ruwan batir ko fetur a rami. Yaro kuwa in dasashinsa na wari yana jini, a gaggauta, don haka cutar noma ke farawa. Tun 1999 akwai asibitinta a Sakkwato, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi wa sakaci.

Roƙona ga gwamnati: an ƙirƙiro jiharmu tun 1996, ya ci a ce kowane babban asibiti a ƙananan hukumomin nan uku yana da ma'aikacin haƙori da za a iya tasowa da dare, da kayan aiki, da motar ɗaukar marar lafiya. Allah ya sa a ji kukanmu, amin.

Naka,
Wani ɗan tireda,
Talata Mafara.