Iyaye na dakon kara, Yamai na riƙe da alƙalami

Duk shekara idan Oktoba ta kama, daidai lokacin da manoma ke ɗaure dammunan gero, sai mushe ya aika wa kwamitin makaranta cewa yara sun dawo kuma babu wurin zama. Daga nan magidantan ƙauyukan ƙaramar hukumar Sarkin Yamma, cikin gundumar Madarunfa, za su shiga neman kara da zana da itace domin kafa rumfunan karatu, kamar yadda takwarorinsu ke yi a sauran karkarar jihar Maradi. Ranar gina aji da sayen alli da gyaran masaukin malami, sunan kwamitin ake kira. To amma ranar da za a yanke abin da za a koya wa yaro cikin wannan rumfa, da harshen da za a koya masa, da watan da za a soma, babu mai tuna cewa yaron yana da uba.

Ba haka aka yi alkawari ba. Dokar tsara ilimi ta ranar 1 ga Yuni 1998, wadda aka fi sani da LOSEN, ta sanya iyaye da ƙananan hukumomi cikin masu ɗaukar nauyin makaranta tare da gwamnati. A kan wannan harsashi aka kafa kwamitocin COGES, waɗanda wani shiri na hukumar JICA ta Japan ya soma ƙarfafawa a jihar Tawa a 2004 kafin su bazu cikin ƙasa, aka kuma sauya musu suna zuwa CGDES a 2012. Tsarin yana da kyau a takarda. Jama'ar gari ke zaɓen wakilan iyaye a babban taro, iyaye mata suna da kujera, ana tsara aikin shekara a gaban kowa. Sai dai da aka zo rabo, talaka ya tashi da nauyi, iko kuwa ya yi zamansa cikin ofisoshin Yamai.

Sakamakon ba ya ɓuya. A gwajin PASEC na 2014, wanda aka yi wa ƙasashen Afirka 10, Nijar ce ta zo ƙarshe, kuma ko kashi 10 cikin 100 na ƴan ajin ƙarshe na firamare ba su kai matsayin da ake buƙata wajen karatu ba. Yaro ya shekara 6 yana zaune a ƙasa yana maimaita Faransanci, ya fito bai iya karanta wasiƙar yayansa da ke ci-rani ba. A watan Nuwamba na 2021 kuma gobara ta cinye azuzuwan kara a birnin Maradi, yara fiye da 20 suka rasu. Wane kwamiti ne aka taɓa tambaya ko ya yarda ɗansa ya yi karatu cikin makamashi?

Batun harshe shi ya fi tona asirin wannan raini. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram, shekaru suka yi ta wucewa ana kiran abin gwaji. An sake sabunta manhaja, aka shigar da harsunan gida a ƙananan azuzuwan wasu makarantu daga 2015, sannan a watan Maris na 2025 sabon kundin mulki ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Cikin waɗannan matakai duka, labari kawai mutanen Sarkin Yamma suke ji a rediyo. Uban da ke tsoron kada karatu da Hausa ya hana ɗansa cin jarrabawar BEPC ba a zauna an yi masa bayani ba, wanda ke murna da shi ma ba a nemi hannunsa ba. Alhali kuwa ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa.

Masu manyan takardu za su ce: ina manomi da bai taɓa shiga lakkwal ba zai san manhaja? Amsar tana zaure. Shekaru aru-aru mutanen ƙasar Katsina da Gobir suna tafiyar da makarantar allo ba tare da sufeto ba. Su ke zaɓen malam, su ciyar da shi, su san wanda almajiransa ke sauke karatu da wanda ke ɓata musu lokaci, su kuma janye ƴaƴansu idan abin bai yi ba. Mutanen da suka iya wannan ba za su kasa gane cewa mushe ya kwana 10 bai shiga aji ba. Za a kuma ce ƙasa ɗaya manhaja ɗaya, wannan gaskiya ne, babu mai neman kowane ƙauye ya rubuta nasa lissafi. Amma tsakanin manhaja ɗaya da toshe bakin iyaye akwai tafiya mai nisa.

A Amurka, jihar Minesota ta kafa doka a 1991 wadda ta ba da damar buɗe makarantun yarjejeniya. Kuɗin na gwamnati ne, amma kwamitin amintattu ke riƙe da makarantar, shi ke ɗaukar shugabanta, shi ke amincewa da kasafi da tsarin karatu, bisa rubutaccen alkawari na ƴan shekaru. Idan yara ba su koyi abin da aka yi alkawari ba, ana iya karɓe izinin. Tsarin yana da nasa tabo, domin an sha rufe wasu saboda almundahana, kuma Nijar ba ta da dalilin kwafo shi ɗungurungum. Darasi ɗaya ne abin ɗauka: wanda aka ɗora wa alhaki, a ba shi iko daidai da alhakin, sannan a yi masa hisabi.

Abin da ya kamata ma'aikatar ilimi ta yi ba ya buƙatar rancen Bankin Duniya. Ta ƙulla rubutacciyar yarjejeniya, da Hausa, tsakaninta da haɗin gwiwar kwamitocin kowace ƙaramar hukuma. A ware ƴan sa'o'i cikin mako waɗanda kwamiti zai zaɓi abin da za a koya, ko noman rani a fadamar Gulbin Maradi, ko lissafin kasuwa, ko tarihin gari. A ba shi ta cewa a kan ranakun hutu domin su dace da shuka da girbi. A sa hannun shugabansa ya zama sheda cewa malami ya zo aiki. A ƙarshen kowane zango a karanta wa taron gari yawan yaran da suka iya karatu da waɗanda ba su iya ba.

Su ma kwamitocin sai sun wanke hannunsu. Inda mai gari ya naɗa ƙanensa shugaba, ko darakta ya haɗa rubutu da ajiyar kuɗi a aljihu ɗaya, ko aka mayar da kujerar mata ta ado, wannan ba kwamiti ba ne. Zaɓe ya kasance na ɓoye kuma a kan lokacinsa, kowace dala da aka tara a faɗi inda ta shiga.

Maganar ta ƙara nauyi tun watan Afrilu na 2024, lokacin da hukumomin soja suka rushe zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi suka naɗa kantomomi. Kwamitin makaranta yana cikin ƴan wuraren da suka rage inda talakan karkara ke zaɓen wanda zai yi magana da yawunsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gwamnatin da ke cewa mulki ya dawo hannun ƴan ƙasa, to ga wurin gwada ta: ta bar uban da ya sari kara ya gina aji ya faɗi ra'ayinsa a kan abin da ake karantawa a cikinsa.