Lambar mahayan Jamus: a juya bayanta kafin a biya kuɗi

Masu iya magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, akwai wata ƴar lamba ta ƙarfe a ƙasar Jamus wadda wannan karin magana bai ci ta ba. Sunanta da Jamusanci Deutsches Reiterabzeichen, wato lambar mahayin doki ta Jamus. Girmanta bai wuce tafin hannun yaro ba, siffarta kuwa kamar ta ƙwai. An kewaye ta da ganyen wani babban itace na dazuzzukan Turai da Jamusawa ke kira Eiche, a tsakiya ga mutum bisa doki, a ƙasa kuma ga harafin R cikin ƴar da'ira. Wanda ya tsaya ga fuskarta kaɗai, da wuya ya faɗi ko an buga ta zamanin jamhuriyar Weimar ne, ko zamanin Hitler, ko kuwa bayan yaƙi, lokacin da Jamus ta rabu biyu. Mulki uku ta ratsa da kusan fuska guda. Nan ne wahalar masu tara tsofaffin lambobi take, a Turai da Amurka, kuma nan ne ƴan damfara ke cin kasuwarsu.

Sai an koma baya kaɗan kafin a gane yadda aka yi. Da Jamus ta sha kashi a Yaƙin Duniya na Farko, yarjejeniyar Versailles ta shekara ta 1919 ta ƙayyade mata soja dubu 100 kacal, ba tankar yaƙi, ba jirgin saman yaƙi. Amma aka bar mata dawaki: daga cikin manyan rundunoni goma da aka yarje mata, uku na barade ne. A karkara ma doki ne ƙarfin noma da sufuri, sai dai mota ta fara shigowa, masu kiwon dawaki kuma sun fara tunanin wa zai sayi dabbobinsu gobe. Wani masanin doki, ɗan jarida, mai suna Gustav Rau, wanda aka haifa a birnin Paris a shekara ta 1880, shi ne ya dage cikin shekarun 1920 yana kiran ƴaƴan manoma su kafa ƙungiyoyin hawa a ƙauyukansu, su nuna cewa dokin da ya ja garma cikin mako yana iya tsallake shinge ranar Lahadi. Kiran ya karɓu. A shekara ta 1930 babbar ƙungiyar ƙasa mai kula da kiwo da gwajin dawakin hawa ta fito da wannan lamba. Sunan ƙungiyar yana farawa da kalmar Reichsverband, daga nan harafin R ya samo asali. A lura da shekarar: saura shekara uku Hitler ya hau mulki.

Daraja uku gare ta, tagulla da azurfa da zinariya. Biyun farko da jarrabawa ake samun su. Mutum ya hau a gaban alƙalai, ya nuna dokinsa na jin linzami da ƙafa, a tafiya da sassarfa da sukuwa, ya tsallake shingaye, sa'annan ya sauka ya amsa tambayoyi game da abincin doki da cutarsa da kayan hawa. Ta zinariya kuwa sai wanda ya tara nasarori a manyan gasa, shi ya sa ta yi ƙaranci tun asali. Tana da ƴan uwa: lambar matuƙin keken doki, wadda ke ɗauke da hoton mutum yana tuƙa keken da dawaki biyu ke ja, da ta mai kula da barga, inda mutumin yake ƙasa riƙe da doki, da kuma wata ƙarama ta matasa. Sabon mai tarawa yakan rikita su, alhali hoton tsakiya ya isa ya raba gardama.

Da ƴan Nazi suka karɓi mulki a shekara ta 1933, sun haɗiye ƙungiyoyin hawa kamar yadda suka haɗiye kowace ƙungiya a ƙasar. Mahaya da yawa aka zuba su cikin rundunonin jam'iyya, wato SA da SS. Doki ya zama abin alfahari na gwamnati, musamman bayan wasannin Olamfik na Berlin a shekara ta 1936, inda Jamus ta kwashe lambobin zinariya shida duka na wasannin doki, Kurt Hasse bisa goɗiyarsa Tora a tsallake, Heinz Pollay bisa Kronos a nuna horo. Duk da haka lambar mahaya ta tsira da fuskarta, ba a ɗora mata gicciyen nan mai lanƙwasassun hannuwa na ƴan Nazi ba. Soja na maƙala ta a hagun ƙirjin rigarsa, farar hula ma na da tasa. Wadda take ta jam'iyya tsantsa wata ce dabam, Reiterführerabzeichen, da aka ƙirƙiro a shekara ta 1937 domin jagororin mahayan SA, kuma alamar SA tana jikinta ɓaro-ɓaro. Kaɗan aka bayar. Saboda haka duk wanda aka miƙo wa ita da araha, to ya san cinikin biri a sama ake son yi da shi.

Abin takaicin wannan kasuwa shi ne, kusancin abu da Hitler ke ɗaga farashinsa. Lambar da wani ɗan manomi ya samu a shekara ta 1960 bayan ya yi gumi a gaban alƙalai, ba ta da kuɗin wadda aka ce an ciro ta daga ƙirjin hafsan soja a shekara ta 1943, ko da jarrabawar kusan guda ce, ƙarfen ma kusan guda. Wannan kwaɗayi na masu saye shi ya haifi sana'ar tsufar da sabon abu. Ana binne lamba cikin ƙasa mai laima, ana shafa mata ruwan magani mai cin ƙarfe, ana gurza gefenta, don ta fito kamar ta ga yaƙi.

Don haka gwani ba ya ɓata lokaci a kan fuska, juya lambar yake yi. Abin da yake fara nema shi ne sunan maƙera. A bayan na farko-farko galibi ana samun sunan L. Chr. Lauer, wani tsohon gidan buga lambobi na birnin Nürnberg da asalinsa ya kai ƙarni na 18, tare da sunan garuruwa biyu, Nürnberg da Berlin, da wasu kalmomi biyu masu nufin doka ta kare wannan zane. Da yawa daga cikin na bayan yaƙi kuwa suna ɗauke da sunan Steinhauer & Lück na garin Lüdenscheid. Wannan mataki ne na farko kawai, domin mai kwaikwayo da ya ɗauki hoton gaba, ba abin da zai hana shi ɗaukar rubutun baya.

Sai a dubi yadda aka yi ta. Duk wanda ya taɓa zama a rumfar maƙerin fari ya san bugu dabam, zubi dabam. Lambar gaskiya bugu ce: ana sa guntun ƙarfe tsakanin hatimai biyu na baƙin ƙarfe mai tauri, inji ya danne da ƙarfi, zane ya fito tas. Jijiyar kowane ganye a fili take, linzami siriri, ƙafafun doki a rarrabe, haruffan baya masu kaifin baki. Ta jabu kuwa galibi zubi ce. Ana danna ta gaskiya cikin yumɓu ko roba a sami gurbinta, a narka ƙarfe a zuba. Abin da zai fito kamar hoton da aka sake ɗauka daga wani hoto ne, komi ya ɗan dushe. Gilashin ƙara girma yana tona asirinta: ƴan ramuka kamar na ƙyanda inda iska ta maƙale, da wani siririn layi a gefe inda ɓangarorin gurbin suka haɗu, ko kuwa sawun zarto inda aka goge layin. Bugu da ƙari, narkakken ƙarfe yana ɗan tsukewa idan ya huce, saboda haka ta jabu takan gaza ta gaskiya da ɗan abin da ido ba ya gani amma ma'auni na gani. Shi ya sa ba a raba gwani da ƙaramin sikeli da abin awon milimita.

Ƙarfen kansa yana faɗin shekarunsa. Kafin yaƙi da gaurayen jan ƙarfe mai kyau ake yin su, a shafa musu ruwan azurfa ko na zinariya, kuma idan suka tsufa sukan yi duhu a lunguna su yi haske a inda yatsa da riga ke gogawa. Da yaƙi ya yi zafi aka karkatar da jan ƙarfe zuwa masana'antun harsashi, masu lambobi suka koma ga tutiya, ƙarfen nan da ake shafa wa kwanon rufi don kada ya yi tsatsa. Tutiya ba ta riƙe shafe. Da shekaru launin yakan gushe, lambar ta koma ruwan toka, har a kasa sanin ta tagulla ce ko ta zinariya, sai an leƙa allurar baya da ƙugiyarta, inda sauran launi kan maƙale. Abin dariya a nan shi ne, mummunar lamba mai ruwan toka takan fi mai walƙiya kusa da gaskiya. Ta zinariya da ke ɗaukar ido kamar jiya aka yi ta, ita ce abar tsoro, domin shafa wa ta tagulla ruwan zinariya aikin yini guda ne, ribar kuwa ninki ce. Allurar ma shaida ce, da inda take juyawa da yadda aka liƙa ƙugiya. Liƙin masana'anta tsaf yake, na bayan gida yakan bar tabon dalma. Sai dai a yi adalci: soja ma yakan karya allura ya kai a gyara masa, gyara ba jabu ba ne, farashi kawai yake ragewa.

Duk wannan bincike iyakarsa ya ce ƙarfen na gaskiya ne, na zamani kaza. Ba zai faɗi ƙirjin da ya ɗauke shi ba. Mai sayarwa kuwa ba ya rasa labari, dokin mai baki ya fi gudu: kakansa ne ya kwaso ta daga filin daga, ko wata tsohuwa ce ta fito da ita daga ƙasan akwati. Abin da ke da nauyi shi ne takardar shaida da ake bayarwa tare da lamba, mai sunan mutum da daraja da ranar bayarwa da hatimi, ko littafin aikin soja inda aka rubuta ta, ko hoton mai ita sanye da ita.

Tambayar kuwa ba ta kuɗi kaɗai ba ce. Mahayan Jamus na wancan zamani ba iri guda ba ne. Claus von Stauffenberg, wanda ya ajiye wa Hitler bom ranar 20 ga Yuli 1944 aka harbe shi a daren, barde ne na runduna ta 17 ta garin Bamberg, kuma ya zauna a makarantar barade ta Hannover. Hermann Fegelein shi ma gwanin hawa ne, ɗan gasa. Shi ne ya jagoranci baraden SS da suka shiga fadamun Pripiyat, a yankin Belarus da Yukren, cikin watan Agusta na 1941, inda rahotonsu da kansu ya ƙirga fiye da mutum dubu 13 da suka kashe cikin ƴan makonni, akasarinsu Yahudawa. Shi ma Hitler ne ya sa aka harbe shi, a ƙarshen Afrilu na 1945. Tsakanin waɗannan biyu akwai dubban ƴaƴan manoma da direbobin keken doki na rundunar da ta yi amfani da dawaki kimanin miliyan 2 da dubu 750 a tsawon yaƙin. Lambar da ba ta da takarda tana iya zama ta kowane irinsu. Mai tarawa na kirki yana son ya san abin da ya ajiye a ɗakinsa.

Bayan yaƙi, rashin alamar Nazi ya ceci lambar. Dokar Jamus ta Yamma ta shekara ta 1957 ta yarda a sa lambobin soja na lokacin yaƙi idan an sake buga su ba gicciyen, ta hana na jam'iyya da rundunoninta. Ta mahaya ba ta da abin cirewa, aka ci gaba da bayar da ita ga sababbin masu cin jarrabawa, yayin da Jamus ta Gabas ta yi nata lambobin dabam. Har yanzu dokar Jamus na hukunta mai baje alamun Nazi a fili, shi ya sa a kasuwannin tsofaffin kaya ake liƙa ƴar takarda bisa gicciyen da ke jikin sauran lambobi, ta mahaya kuwa tana kwance kusa da su fuska a buɗe. Gustav Rau ya mutu a shekara ta 1954 a garin Warendorf, inda babbar ƙungiyar mahayan Jamus take da zama a yau. Tun shekara ta 2014 jarrabawar ta koma hawa goma, daga na goma zuwa na ɗaya, ta zinariya kuwa tana nan a matsayinta, sai da nasarar gasa.

Takardun shaida ne ke ƙaranci a kasuwa, ba ƙarfen ba. Takarda tana ƙonewa, tana jiƙewa, magada kan zubar da ita su ajiye lamba. Wasu dillalai kuma da gangan suke raba su idan kayan mamaci suka zo hannunsu a gwanjo, lamba ga wannan mai saye, takarda ga wancan, domin ciniki biyu ya fi ɗaya kawo kuɗi. Daga ranar da aka yi haka, sunan mahayin ya tafi wani gari, dokinsa na ƙarfe ya tafi wani.